Masu Ƙwanƙwasa Ƙofa: Nacin Addu'a a Wurin Kiristocin Zamfara

A farkon watan Satumba na 2021 hukumomi suka rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara. Aka dakatar da cin kasuwannin mako, aka hana sayar da man fetur a jarka, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari da guzuri. Makonni aka yi a haka. A yankin Tsafe, wajejen Bilbis da Yankuzo da Ɗanjibga, da kuma ƙauyukan Bungudu, akwai gidajen da aka riga aka kwashe musu mutane zuwa daji kafin a rufe layin. Wayar da suke ɗan jin muryar nasu da ita ta mutu, ba su san yana raye ba, ba su san ya cika ba. Abin da ya rage a hannunsu shi ne roƙon Allah, yau da gobe da jibi, ba tare da wata alamar cewa ana saurare ba.

Musulmi, waɗanda su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, sun duƙufa da alƙunutu a masallatai. Kiristocin jihar 'yan tsiraru ne. Wasu jikokin ma'aikata ne da 'yan kasuwar da layin dogo ya kawo Gusau tun wajen ƙarshen shekarun 1920, lokacin da jirgin ƙasa ya taso daga Zariya ya dire Ƙaura Namoda. Wasu malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da masu shaguna daga Kudancin Kaduna, Filato, Binuwai da ƙasar Ibo. Wasu kuma Hausawa ne 'yan ƙasa, kakanninsu Maguzawa, da Hausa suke sujada, da ita suke kuka. Su ma hanyar Funtuwa zuwa Gusau suke bi, su ma gabansu na faɗuwa idan mota ta doshi Tsafe da yamma. Idan wahala ta yi tsawo irin haka, akwai wasu labarai a Littafi Mai Tsarki da fastoci da limaman coci kan koma musu, labaran mutanen da suka roƙa aka yi shiru, suka sake roƙo.

Wanda aka fi ji shi ne misalin gwauruwa da alƙali, a Bishara ta hannun Luka, sura 18. Yesu ne ya ba da shi. Wani gari ne mai alƙalin da ba ya tsoron Allah, ba ya kuma ganin kowa da gashi. A garin akwai matar da mijinta ya rasu, wani ya danne mata hakki. Ba ta da namijin da zai tsaya mata, ba ta da abin da za ta miƙa ta bayan fage. Ƙafarta kawai take da ita da bakinta. Kullum sai ta je ta tsaya gaban alƙali ta ce a bi mata hakkinta. Ya share ta, ta dawo. Ya sake share ta, ta sake dawowa. A ƙarshe mutumin ya zauna ya yi wa kansa lissafi, ya ga matar nan za ta hana shi sakat, ya yanke mata shari'a don ya huta, ba don zuciyarsa ta yi laushi ba.

Duk wanda ya taɓa raka wata gwauruwa kotu kan gonar gado, ko ya ga tsohon ma'aikaci yana sintiri sakatariya kan kuɗin fansho da takardu cikin leda, ya san matar nan. Shi ya sa labarin ke shiga jikin masu sauraro a Arewa ba sai an yi dogon sharhi ba. Sai dai nan ne kuma ake yawan karkacewa. Wasu masu wa'azi kan ba da shi kamar Allah ne alƙalin, wato sai an dame shi kafin ya motsa. Ba haka Yesu ya gina maganar ba. Hujjarsa daga ƙasa take hawa: idan azzalumin da bai damu da kowa ba ya miƙa wuya saboda naci, ina ga Allah mai adalci, wanda masu kukan nasa ne? Luka ma ya faɗi dalilin misalin tun a ayar farko, cewa an ba da shi ne don almajirai su riƙa addu'a kullum kada su karaya. Matsalar da ake magani ita ce karayar mai roƙo.

Akwai ɗan'uwan wannan misali a sura 11 ta littafin. Baƙo ya sauka wa mutum da tsakar dare, gida ba ko loma. Ya je ya buga wa abokinsa ƙofa yana neman aron gurasa 3. Abokin ya amsa daga ciki cewa an riga an kulle, yara sun yi barci, a ƙyale shi. Mai bugu bai tafi ba, har dai na ciki ya tashi ya ba shi. Bahaushe ba zai yi mamakin mai bugun ba, domin kunyar barin baƙo ya kwana da yunwa ta fi kunyar tada maƙwabci. Abin lura shi ne ba don cikinsa ya fito cikin dare ba, don wani ne. Yawancin addu'o'in da ake nacewa a kansu a majami'un Gusau a waɗannan shekaru irin wannan ne: roƙo saboda ɗan wani, matar wani, direban da aka tare a hanya.

To, idan Allah ya riga ya san bukatar mutum, me ya kawo maimaici? Tambayar ba sabuwa ba ce, kuma Yesu da kansa ya ƙara mata nauyi, domin a Matiyu sura 6 ya hana almajiransa tara surutu a addu'a kamar masu zaton yawan magana ne ke sa a ji su. Wani ɗan Afirka ya yi fama da wannan tambaya shekara fiye da 1,600 da suka wuce. Agustin ke nan, bishop na Hippo, a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya. Wajen shekara ta 412 ya rubuta wa wata gwauruwa mai suna Proba doguwar wasiƙa kan addu'a. Matar ta gudo ne daga birnin Rum bayan mayaƙan Alarik sun washe shi a 410, wato ita ma 'yar gudun hijira ce. Ra'ayinsa shi ne ba a yin addu'a don a ba Allah labari. Ana yi ne don muradin mai roƙo ya faɗaɗa har ya iya ɗaukar abin da za a ba shi, kuma doguwar addu'a daban take da yawan kalmomi.

Agustin ya san abin da yake faɗa, don a kansa aka yi. Mahaifiyarsa Monika ta yi shekaru tana kuka tana roƙo saboda shi, yana ta yawonsa da bin wata aƙida daban. Ya yi mata dabara ya tsere zuwa Italiya, ta bi shi. A 387 aka yi masa baftisma a Milan, a hannun Bishop Ambros, kuma a shekarar ta rasu a Ostiya suna shirin komowa gida. Har gobe matan Katolika na ɗaukarta uwar iyaye masu jiran 'ya'yansu su dawo hanya.

A Tsohon Alkawari masu naci suna da yawa, kuma ba su da sanyin baki. Ibrahim ya tsaya yana yi wa Saduma ciniki: in an sami adalai 50 a bar garin, ya sauko 45, 40, 30, 20, har ya tsaya a 10. Yakubu ya kwana yana kokawa a mashigin rafin Yabbok, ya ƙi sakin abokin kokawarsa sai an sa masa albarka. Ya samu, amma da ɗingishi ya bar wurin. Hannatu kuwa, kowace shekara in an je Shilo sai kishiyarta Feninna ta yi mata gorin haihuwa har ta kasa cin abinci. Ranar da abin ya kai mata iya wuya ta shiga ta yi ta addu'a, leɓunanta na motsi, ba a jin murya, har firist Eli ya zaci ta bugu ne ya tsawata mata. Ta haifi Sama'ila. Matan Zumunta, masu ɗaura zane iri ɗaya suna kaɗa tulu da caki a majami'u, suna ƙaunar labarin nan, don babu wadda ba ta san zafin gorin kishiya ko na dangin miji ba.

Manoma kuma na Iliya suka fi so. Littafin Sarakuna na Fari, sura 18: an yi shekara uku da rabi ba ruwa, in ji lissafin Sabon Alkawari. Iliya ya hau Dutsen Karmel, ya durƙusa, ya cusa fuskarsa tsakanin gwiwoyinsa. Ya aiki baransa ya dubo wajen teku. Yaro ya dawo ya ce ba komai. Ya ce koma. Haka aka yi ta yi, sai a zuwa na 7 ya hango wani ɗan gajimare da bai wuce tafin hannu ba. Mutumin Bilbis ko Kwatarkwashi da ya zuba iri a ruwan farko, sannan sama ta ɗauke, yana kallon gabas kowace yamma gero na murɗewa, ya san yadda zuwa shida na banza suke a zuciya. Mai karatu da lura zai ga wani abu kuma: tun kafin digo ɗaya ya sauka Iliya ya aika a gaya wa Sarki Ahab ya ɗaura keken doki ya sauka kada ruwa ya tare shi.

Yadda waɗannan labarai suka iso kunnen Bahaushe ma tarihin naci ne. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, kamar yadda Turawa ke kiran wannan yanki a lokacin. Cikin shekara guda Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham ya koma gida. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake korarsa. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902, kuma daga wannan ƙungiya ta SIM ce ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Ta ɓangaren Angilikan, Likita Walter Miller yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su. Miller ya zauna Zariya daga 1905, kuma aikin fassarar da ya ja gaba ya kai ga buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Katolika kuwa, limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka ne suka karɓi yankin Sakkwato a 1953, Gusau ta zama cibiyarsu ta farko, sistocinsu suka biyo baya a 1956. Shekara 70 bayan zuwan limaman, a ƙarshen 2023, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi, bishop na sabuwar dayosis ta Katsina. Ana iya yin muhawara kan alaƙar mishan da mulkin mallaka, kuma masana tarihi suna yi. Abin da ba a musu a kai shi ne waɗanda suka fara aikin yawancinsu ba su ga amfaninsa da idonsu ba.

Amma surar da ta fi dacewa da zamanin garkuwa da mutane ita ce ta 12 a Ayyukan Manzanni. Sarki Hirudus Agaribas ya kama Bitrus a lokacin Idin Ƙetarewa, ya danƙa shi ga sojoji 16 masu karɓa-karɓa. Daren da za a wayi gari a fito da shi, yana barci tsakanin sojoji biyu, ɗaure da sarƙa biyu. Ikkilisiya kuwa ta taru a gidan Maryamu, uwar Yohanna Markus, ana ta addu'a ba ƙaƙƙautawa. Mala'ika ya tashe shi, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Bitrus ya miƙe sai gidan da ake yi masa addu'a, ya ƙwanƙwasa. Wata yarinyar gida mai suna Roda ta zo, ta gane muryarsa, murna ta hana ta buɗewa, ta ruga ciki da gudu. Mutanen da suka kwana suna roƙon a sako Bitrus suka ce mata ta haukace. Da ta dage, suka ce ai mala'ikansa ne. Shi kuwa bawan Allah yana waje yana ta bugu.

Ana dariya a coci idan an zo nan, kuma dariyar tana da amfani, don tana nuna cewa masu addu'ar nan ba wasu gwanayen bangaskiya ba ne. Sun nace ne kawai, da shakkarsu da komai. Sai dai surar ba da Bitrus ta fara ba. A ayoyin farko an faɗi cewa Hirudus ya riga ya kashe Yakubu ɗan'uwan manzo Yohanna da takobi. Manzo ne shi ma, ikkilisiya ɗaya ce, sarki ɗaya ne, kuma da wuya a ce ba a yi masa addu'a ba. Ɗaya ya fito, ɗaya bai fito ba, Luka, marubucin littafin, bai ba da dalili ba.

Mutanen Arewa sun ga irin wannan da idonsu. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, cikin kwanaki kaɗan suka dawo. A ranar 5 ga Yuli na shekarar aka ɗauki ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist kusa da Kaduna. Iyaye suka riƙa taruwa a harabar makarantar suna addu'a, ana sako yaran kashi-kashi, wata uwa na rungume nata, ta kusa da ita na duba fuskoki ba ta ga nata ba. Na ƙarshensu bai dawo ba sai a Nuwamban 2023. A Satumban wannan shekarar ne kuma aka shiga Sabon Gida, a ƙaramar hukumar Bungudu, aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, yawancinsu mata, wasu suka yi watanni a daji. Leah Sharibu kuwa, wadda aka ɗauka a Dapchi ranar 19 ga Fabrairu 2018, an sako abokan karatunta bayan wata guda aka riƙe ta, aka ce don ta ƙi barin addininta. Da wuya a sami 'yar Nijeriyar da aka yi wa addu'a a majami'u kamar ita. Fabrairun 2025 ya cika shekara bakwai ba ta dawo gida ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irin wannan ba. Dawuda ya yi kwana bakwai yana azumi a kwance a ƙasa saboda jaririnsa, yaron ya mutu, ya tashi ya yi wanka ya shiga sujada, sannan ya ci abinci, fadawansa suna mamaki. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa wata ƙaya da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin da yake da shi ya ishe shi. Saduma da Ibrahim ya yi wa ciniki ta ƙone, Lutu da 'ya'yansa mata kaɗai suka tsira. Yesu kansa a lambun Getsamani sau uku ya roƙa a ɗauke masa abin da ke gabansa, kowane karo yana miƙa al'amarin ga nufin Allah, kafin gari ya waye aka kama shi.

Shi ya sa akwai wani irin wa'azi da ya kamata a yi masa kallon tsanaki. Shi ne mai gaya wa matar da mijinta ke daji cewa da bangaskiyarta ta kai da tuni ya dawo, ko cewa akwai wani zunubi a gidan, ko ta kawo wani kuɗi na musamman a buɗe mata hanya. Matar da ta riga ta sayar da gona da akuyoyi, ta bi dangi gida-gida don haɗa kuɗin fansa, ba ta bukatar a ɗora mata laifi a kan wannan. Abokan Ayuba sun yi irin wannan lissafi, suka dage cewa masifarsa hukuncin wani laifi ce, a ƙarshen littafin su aka tsawata wa. Haka kuma ƙarar lasifika har asuba ba ita ce ma'aunin naci ba. Hannatu da ake ba da misali da ita ko muryarta ba a ji ba.

A aikace abin ya fi haka sauƙi da kuma wuya. Akwai addu'ar asuba kafin a tafi gona ko kasuwa, akwai taron tsakiyar mako, akwai azumin da wasu ikkilisiyoyi kan kira a farkon shekara. 'Yan Katolika suna da carbi da addu'ar kwana tara a jere. A wurare da dama rashin tsaro ya sa taron dare ya dawo yamma ko ya koma cikin gidaje, don ba mai son fita bayan isha'i. Idan aka ɗauki wani daga cikin jama'a, akan ambaci sunansa a sujada Lahadi bayan Lahadi. Makon farko kowa na hawaye. A wata na uku ne ake gane masu naci, lokacin da labarin ya tsufa, wani sabon hari ya danne shi, masu zuwa jaje sun ɗauke ƙafa, aka bar iyalin da 'yan tsirarun da har yanzu ke leƙowa da kwanon tuwo su durƙusa tare da su.

Fastocin da suka san ƙasar sukan haɗa da labarin Nehemiya, wanda ya sake gina garun Urushalima cikin kwana 52 maƙiya na barazana. A sura 4 an ce sun yi addu'a, suka kuma sa masu gadi dare da rana, magina na aiki da makami a ɗaure a ƙugu. Kiristan Tsafe da ya karanta wannan ba ya ganin saɓani tsakanin durƙusawa da safe da kuma barin tafiya Gusau sai rana ta ɗaga, ko jiran ayarin motoci, ko ba da nasa kason na kuɗin 'yan sintirin unguwa tare da maƙwabtansa Musulmi. Gwauruwar misalin ma ba a ɗakinta ta zauna ba, gaban alƙali take zuwa. Da wannan hujja ce shugabannin coci irin su Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ke riƙe da dayosis ta Sakkwato tun 2011, suke fitowa kowace Kirsimeti da Ista su tuhumi gwamnati kan jinin da ake zubarwa a Arewa. Saƙonsa na Kirsimetin 2020 ya jawo masa martani mai zafi daga fadar shugaban ƙasa da wasu ƙungiyoyi, har aka yi kiran ya bar Sakkwato. Bai bari ba, kuma shekarar da ta biyo ya sake maganar.